Kada Ka Hau Dokin Baffa Sai Ya Ƙoshi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi da mutanen gidansa.

Daga Dadarka, mahaifiyarka, a Yola, zuwa ga Na-Goggo a masaukinsa na Demsawo a Jimeta. Gaisuwa da fatan ka tashi lafiya, kai da mai masaukinka.

Ka yi mini haƙuri da wannan takarda. Na san kana cikin ɗaure kaya da sallamar mutane, ga shi na zo maka da ajamina da rabonka da karanta irinsa tun kana riƙe da allo. Na san kuma za ka yi mamaki, don tun da aka haife ka ban taɓa zaunar da kai na ce ga magana ba. Ɗan fari ne kai, ga sunan kakanka a kanka, aka yaye ka aka miƙa wa Goggonka, ni kuwa na bi abin da na tarar ana yi. Goggon ce za ta kawo maka takardar. Ba ta san abin da ke ciki ba. Na ce mata addu'ar tafiya ce, kuma ban yi ƙarya ba, akwai addu'ar a ƙarshe.

Bari in fara da murna, don ita ta fi yawa a cikina. Ranar da takardarka ta iso daga Maiduguri, aka ce gwamnatin jiha ta ɗauke ka malamin dabbobi, Goggonka ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ni ina ɗaki ina tsince shinkafa, ban ɗaga kai ba, yadda ya kamata. Sai daga baya na duba na ga tsakuwar nake zubawa a tukunya, shinkafar ina watsa wa kaji. Da ka shigo da kakinka da akwatin allura, kai ka ga na juya baya ina gyara murhu. Babu abin da ya sami murhun. Ta cikin ruwan randa nake kallonka. Yaron da na ga ana goge wa majina, yau shi za a aika ƙasar Jada ya yi wa shanun mutane allura, ardo-ardo su shimfiɗa masa tabarma. Alhamdu lillahi. Kwana uku ke nan ina tafiya a tsakar gida kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Sai ga Baffanka Jauro jiya Talata, daga Namtari, da kyautar doki, tunda an ce inda za ka mota ba ta shiga rugage in ruwa ya sauka. Ka gan shi da idonka: ingarma akawal, baƙi wuluk, ga ƙirji, ga wuya kamar an zana. Na daɗe ban ga doki mai kyansa ba. Ka ji kuma abin da Baffanka ya ce da Hausarsa, yana shafa gemu: "Wannan doki tunkiya ne. Ko Goggo ya hau, lafiya zai kai Jada." Goggonka ta ce ta yarda, in shi zai ɗaga ta ya ɗora. Aka yi dariya. Aka shirya gobe Alhamis bayan La'asar a jawo maka shi Jimeta, jibi in an sauko Juma'a ka hau ka kama hanya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Ina roƙonka kada ka hau dokin nan jibi. Ka karanta har ƙarshe kafin ka ce tsoron mata ne.

Kai ka san ni da allo da carbi da 'yan matan da nake koya wa karatu a zaure. Ba ka san a barga na tashi ba. Mahaifina, Malam Garba, mutumin ƙasar Kano ne da fataucin dawaki ya kawo Yola ya zauna. Da ƙarfinsa ya ragu ya bar fatauci, ya koma gyaran dawakin da suka gagari masu su. Daga Girei, daga Gurin, daga ko'ina ake jawo masa mai cizo da mai harbi da mai turjiya. Bai sami ɗa namiji ba sai can daga baya, saboda haka ni ce mai kai dusa, ni ce mai jiƙa kanwa, ni ce mai riƙe ragama in yana duba kofato. Da safe in yi karatu, da hantsi in shiga cikin dawaki. Wallahi ko yanzu in na ji haniniya daga nesa sai na ajiye abin da nake yi. To, a bargar nan na yi kurakurai, kuma su zan ba ka, don ba ni da wata dukiyar da ta fi su.

Ka san yatsan nan nawa na hagu da ya karkace, wanda kuke cewa tsinin jirgi kuna yara? Wata goɗiya ce ta yi shi, sunanta Ladi, kuma duk bargar babu mai haƙurinta. Ina da shekara tara. A lokacin uwata na koya mini cewa 'yar kirki ba a jin takunta, ba a jin muryarta. Na ɗauki abin da gaske, na zama kamar kyanwa. Ran nan na ɗauko ƙwaryar dusa, na biyo ta bayan Ladi shiru, tana gyangyaɗi a inuwa. Ban ga ƙafar ba. Na dai ji ƙara, na ga ƙwarya ta tashi sama ta rabe biyu, dusa ta rufe mini fuska, ni ina zaune a ƙasa. Ina kuka ina cewa a sayar da ita. Baba ya ɗaure mini yatsan, bai yi faɗa ba, ya ce: "Ke, gidan mutane ma ana shiga ba sallama?"

To, ka riƙe wannan. Doki ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, kuma abin da bai gani ba kura ce a wurinsa. Duk dokin da za ka je wa, ko wanda aka ce yara na wasa a ƙarƙashin cikinsa, ka yi masa magana tun daga nesa. Ka jira kunnensa ya juyo gare ka. Ka zo ta kafaɗa, ka ɗora hannu, in za ka zaga baya kada hannun ya bar jikinsa, kuma ka matso kusa sosai ko ka yi nisa sosai. Tsaka-tsaki nan ne inda kofato ke da ƙarfi. Takalmanka na ofis ba su da ƙara a yashi, ka tuna.

Na biyu kuma har yau ina neman gafara a kansa. Ina budurwa aka kawo wani doki ja daga wajen wani ɗan kasuwa, aka ce da an nufo shi da sirdi sai ya kai cizo, ya riga ya yage wa mutum biyu riga. Ni kuwa a lokacin kaina ya fara girma, ina ganin na san dawaki. Na je ɗaure masa majanyin sirdi, ya juyo ya kama mini gefen zane. Muciya ce a kusa, na ɗauka na kwaɗa masa a hanci har sau biyu, na je na gaya wa Baba wannan mugu ne, ba ya gyaruwa. Baba ya tashi ya je wurin dokin. Ya yi wajen rabin sa'a yana shafa shi, tun daga bayan kunne, a hankali, yana yi masa 'yar waƙa. Da hannunsa ya iso ƙarƙashin ƙirji, inda majanyi ke bi, dokin ya yi rawa kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ƙaya ce ta karye a ciki, ta ruɓe, fata ta rufe a kai. Da Baba ya tsaga, abin da ya fito ya kusa cika ludayi. Wata biyu ana ɗaure igiya a kan gyambon ana ja, ana kuma dukansa don ya ce akwai zafi.

Hukuncin da Baba ya yi mini shi ne ni zan riƙa wanke masa da ruwan zafi da gishiri kullum safe har ya warke. Kafin wata ya cika, dokin nan in ya hango ni sai ya yi gurnani a hankali, ya sa hancin da na daka a tafin hannuna. Ban san abin da ya fi wannan sa mutum kunya ba.

Saboda haka in an kawo maka doki an ce mugu ne, kada ka karɓi shaidar kafin ka bincika. Kai ma malamin dabbobi ne yanzu, ka fi ni sanin sunayen cututtuka, amma hannu ba a koyonsa a littafi. Ka duba baya inda sirdi ke zama, ka duba ƙarƙashin ƙirji, ka buɗe baki ka ga ko linzami ya yanka dasashi, ka ɗaga kofato huɗu. Baba yakan ce yawancin dawakin da ake kawo masa ko tsoro ne ko ciwo, kuma duka biyun suna da magani. Dokin da ya kwantar da kunnuwa, ya nuna farin ido, yana kaɗa wutsiya da ƙarfi, ya ɗage ƙafar baya kaɗan, wannan gaskiya ya gaya maka. Cewa ya yi ka matsa. Ka matsa, ku sake shiri. Ba shi ne abin tsoro ba.

Abin tsoro shi ne wanda mutane suka ɓata har ya daina faɗa. An dake shi a kan kwantar da kunne, an dake shi a kan gurnani, ya koyi yin shiru, sai ranar da zai yi abin gaba ɗaya. Irin wannan in za a sayar da shi, akwai dillalan da ba su tsoron Allah, ba duka ba, da za su hana shi hatsi, su rage masa ruwa kwana biyu ko uku, su kai shi yashin Binuwai su yi ta sukuwa har ya rasa ƙarfin korar ƙuda. Ya zo gaban mai saye kai a ƙasa kamar salihi. Shi ya sa Baba ba ya fara kallon doki. Mai riƙe da shi yake fara kallo, ya ga a ina yake tsayawa, yaya ya kama igiya. Sannan ya duba turken da aka kwance shi, ya duba tabon da ke jikinsa, don kowane tabo labari ne. Kuma ko na wane ne, ba ya yarda a ɗora masa sirdi sai ya kwana bakwai yana ci yana sha har ya ture. Yakan ce halin doki yana cikin cikinsa, sai ya cika yake fitowa.

Duk wannan na san shi kamar Fatiha ranar da na yi kuskuren da ya fi kowanne. Ka gyara zama.

An kawo ni gidanku ina 'yar Hausawa a cikin Fulani. Ba wanda ya wulaƙanta ni, kada ka ɗauka haka, amma nakan ji ana cewa Hausawa akwai baki, sai na ɗaura aniyar in fi kowace Bafulatana kunya. Kana wata bakwai a bayana, Baba kuma ya rasu da shekara guda, kakanka Modibbo, babban malami, ya saya wa mahaifinka doki, wani kili fari sol, don yana yawan zuwa gona Namtari. Aka shigo da shi, maza suka kewaye, ni ina leƙe ta hudar zana. Kallo ɗaya na yi. Kwiɓinsa ya faɗa irin na ƙishirwa. Wanda ya kawo shi ya tsaya can gefe, ya saki igiya da tsawo, ba ya yarda ya tsaya a gabansa. Da dokin ya sunkuya shan ruwa, na hango tabo a tsakiyar kansa, tsakanin kunnuwa, inda gashi ya ƙi fitowa. Wannan tabon abu ɗaya ke kawo shi. Dokin da ke miƙewa tsaye da ƙafafun baya, mahayi ya riƙa sara masa sanda a ka don ya sauka. Ba ya hana shi. Ƙara masa yake yi, har ranar da zai miƙe ya wuce, ya faɗo ta baya a kan wanda ke bisa.

Na buɗe baki, na rufe. Kyautar suruki ce, Modibbo guda. Amaryar jiya, goyo a baya, ta fito ta ce dokin da ya zaɓa da aibu? Na ce bari maza su watse in gaya wa mahaifinka. Da ya shigo yana ta murna kamar yaro, yana cewa in zo in gani, sai na ce Allah ya sa alheri. Na ce gobe. Gobe ta zo na ce ai wataƙila idona ne. Kuma ka ji abin da ya fi muni: don in nuna ni 'yar gidan dawaki ce, ni na karɓi ciyar da shi. Dawa, dusa, harawa, kanwa, ban rage komai ba. Da hannuna na mayar masa da ƙarfinsa, na kuma bar bakina a rufe.

Kwana na biyar mahaifinka ya hau zuwa Namtari. Waɗanda suka gani sun ce a bakin wani ɗan kwari ne, dokin ya turje, mahaifinka ya ja linzami ya sa ƙaimi, shi ke nan. Mutum huɗu suka kawo shi a kan gadon kara, katakon sirdi ya murƙushe masa ƙugu. Wata huɗu yana hannun maɗori. Ɗingishin da ka taso ka gan shi da shi, da sandar da kake ɓoye masa kana dariya, daga nan ne. Bai sake hawan doki ba, gonar Namtari ma sai Baffanka ya karɓa. Kowa ya ce ƙaddara. Ƙaddara ce, ban musa ba. Amma ni na san Allah ya nuna mini, ya kuma ba ni harshe.

Shekara tara ina ɗauke da abin. Wata rana da hantsi ina shafa masa man shanu a ƙugun, yana ɓare gyaɗa, kawai na ji maganar ta fito. Na gaya masa duka, har da dawar. Ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa har na zaci ba zai sake kallona ba. Can sai ya fashe da dariya, ya ce: "Ashe duk shekarun nan Shamaki guda, sarkin barga, nake aure, ina ta ɗingishi ban sani ba." Ni ina hawaye shi yana dariya. Da ya gama ya ce ya yafe, duniya da lahira, amma da sharaɗi. "Ranar da kika sake gani, ki faɗa. Ko a gaban wa." Bayan an sami mulkin kai da shekara ɗaya ya rasu, Allah ya jiƙansa, sharaɗin kuma yana wuyana.

To, jiya na sake gani.

Ta hudar zanan nan dai, don wurin bai sake ba ko da an sha sake zanan. Mutumin da ya jawo dokinka, ka lura da shi? Igiya biyu ya sa, kuma duk zaman da aka yi bai taɓa tsayawa a gaban ƙirjinsa ba, kullum yana gefe, rabin jikinsa na kallon ƙofa. Da Baffanka ya ce ya hau ya nuna, sai ya ce ƙafarsa na ciwo, alhali a ƙasa ya tako daga Namtari. Dokin kuma ya shanye bokiti uku bai ɗaga kai ba. Amma baƙi ne, ga tukkun gashi ya rufe goshi, ban iya hango tsakiyar kansa ba. Ban so in ɗauki alhakin kowa a kan zato.

Yau da aka kira Azahar, maza suka tafi masallaci, Goggonka ta kishingiɗa, na yafa mayafi na shiga barga. Rabona da tsayawa kusa da ingarma shekara ashirin da wani abu. Na-Goggo, hannuna bai manta ba! Na yi masa sallama, na yi masa 'yar waƙar Baba, ban ma san tana nan a bakina ba. Kunne ɗaya ya juyo. Na zo ta kafaɗa, na shafa wuya, ƙamshin jikinsa ya bugi hancina, sai na ji kamar in na waiwaya zan ga Baba zaune a kan turmi. Na bi baya, na bi ƙirji, na ɗaga kofato huɗu ni kaɗai, da tsufana. Babu ƙaya, babu gyambo, lafiyarsa ƙalau. Sannan na kai hannu a hankali na ɗage tukkun. Yana nan. Faɗinsa ya kai yatsa biyu, tsoho a ƙasa, sabo a kai. Da yatsana ya taɓa wurin bai kwantar da kunne ba, bai yi gurnani ba. Jikinsa ne ya sandare kamar itace. Na ɗan ja ragama ƙasa kaɗan, yadda Baba ke gwadawa, sai na ji gabansa ya yi sauƙi, ƙafafun gaba suna neman barin ƙasa. Na saki nan da nan, na yi masa magana har ya huce. Da yunwa a cikinsa ke nan.

Ban ce Baffanka ya sani ba. Na rantse bai sani ba. Idonsa ya yi rauni, kuma mutumin shanu ne, ba na dawaki ba. Ya ga kyau ya saya wa ɗan ƙaninsa da zuciya ɗaya. Ban kuma ce dokin mugu ba ne, na riga na yi wannan kuskuren sau ɗaya da muciya. Mutane ne suka yi masa haka, wataƙila ma ya gyaru a hannun mai haƙuri. Mai yiwuwa ne kuma na yi kuskure gaba ɗaya, Allah ya sa haka, in sha kunya in gode. Abin da nake nema kwana bakwai ne kawai. A bar shi a nan, in ciyar da shi ya ƙoshi, a ɗora masa sirdi da buhun yashi ba mutum ba, a ja shi da doguwar igiya, a ga abin da zai yi. In ya fito lafiya, zan sa a kai maka shi har Jada. In ya nuna abin da nake tsoro, ba kai za ka yi wa Baffanka magana ba. Ni zan je Namtari da ƙafata in durƙusa in gaya masa. Shekara ashirin da huɗu ban taɓa wuce gaisuwa da shi ba, zai sha mamakin jin ina da murya.

Tafiyarka ba za ta tsaya ba. Na ji Goggonka na cewa mai masaukinka Bitrus, abokin karatunka, zai bi motar ofis zuwa Jada ranar Litinin kafin ruwa ya yanke hanya. Ka bi shi. Ka gaishe shi, ka gaishe da mahaifiyarsa in ta zo daga Numan, ka ce na gode da riƙon da suka yi maka.

Na san abin da zai tsaya maka a wuya, don jinina ne a jikinka. Za ka ce an riga an sanar, abokai za su taru a Dubeli su raka ka, a ce malamin dabbobi ya ji tsoron dabba, a ce ka raina kyautar Baffa. Wannan muryar na san ta. Ita ta yi mini magana a bayan zana. Kuma za ta bi ka har Jada. Wani jauron ƙauye zai jawo maka ingarmansa a gaban jama'a ya ce malam a duba, kowa ya zuba ido ya ga abin da mai kaki zai yi. Kada ka ji kunyar cewa a sa masa dabaibayi tukuna. Kada ka ji kunyar tambayar mai shi ko yana cizo, ka kuma kalli hannuwansa yayin da yake amsawa. Kada ka ratsa tsakanin ingarmu biyu don gajarta hanya, ko tsakanin goɗiya da duƙushinta, kada ka kai hannu doki na cin hatsi. In an yi maka dariya, da ƙafafunka biyu za ka tashi ka bar wurin.

In kuma wata rana, Allah ya kiyaye, ka ji doki ya miƙe da kai, kada ka ja linzami, ko da duk jikinka na cewa ka ja. Ka sakar masa, ka kwanta a wuyansa, ka kama geza, ka zare ƙafa daga likkafa. Da ya sauko ka kora shi gaba, don mai tafiya ba ya miƙewa. Kada ka taɓa dukansa a ka. Da mahaifinka ya san wannan kaɗai, da wataƙila da kansa zai raka ka jibi.

Ga takarda na ƙarewa, tawada ma ta yi ruwa. Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka daga sharrin abin da ke tafiya da ƙafa biyu da mai tafiya da huɗu. Allah ya sa albarka a hannunka, dabbar da ka taɓa ta warke, mutanen da ka sauka wurinsu su so ka. Ya tsare maka sallarka a daji kamar a gida. Ya dawo mana da kai a kan dokin da ya dace da kai, in leƙa ta zana in gani, wannan karon kuwa ko Goggonka ba za ta riga ni guɗa ba.

Abu ɗaya ya rage. Dokin naka ne, an ba ka a gaban shaidu, ba ni da ikon riƙe shi sai da izininka. In mutumin da ya jawo shi ya zo gobe bayan La'asar babu kalma daga gare ka, dole in tsaya ina kallo ya kwance shi.

Hamidu. Ga shi na rubuta sunanka, hannuna bai karye ba.

Hamidu, gobe Goggonka za ta gama cefane ta juyo kafin Azahar. Ko layi ɗaya ne, ko a bayan wannan takardar, ka ba ta amsa ta taho mini da ita.